Ba a fafe gora ranar tafiya: alluran rigakafin da iyali ke buƙata kafin fita hutu ƙasar waje

Da zarar hutun makaranta ya ƙarato, ko dogon hutun nan na damina ko na ƙarshen shekara, za ka ji 'yan uwanmu da Allah ya hore wa a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Fatakwal sun fara shirin ɗebe iyali a fita shan iska. Wani Zanzibar ya nufa, wani Mombasa, wani Malesiya, wani Gana ta mota, wani kuma zai haɗa hutun da Umara. Biza, tikiti, masauki da canjin dala duk ana gama su da wuri. Maganar allura kuwa sai ana saura kwana uku a tuna da ita, shi ma don ejan ya bugo waya ya ce, "Alhaji, ina yalo kad ɗin yara?"

A nan ake samun matsala. Allurar rigakafi tana buƙatar kwanaki kafin ta fara aiki a jiki, wasu ma sai an yi su sau biyu. Don haka likitoci ke cewa a je a gan su ana saura sati 4 zuwa 6 a tashi. Kuma ba kowace allura ce ake buƙata a kowace tafiya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a kasa alluran kashi uku: waɗanda idan babu su ba za a bar ka ka shiga ƙasar ba, waɗanda ya kamata a ce an yi su tun a gida, sai waɗanda suka danganta da inda za a je da abin da za a yi a can.

Kashi na farko: wadda ake tambaya a bakin iyaka

Ga mai fasfon Najeriya, babbar allurar ita ce ta zazzaɓin shawara. Sauro ne ke yaɗa cutar, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake da ita. Ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017, daga nan aka gan ta a Edo a 2018, sai Delta da Inugu a 2020. Ka ga ke nan mu mazauna Kudu ba labarin nesa ba ne a gare mu. Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa, amma cikin waɗanda ta yi wa tsanani har ido ya yi ɗorawa, kusan rabi ba sa tashi. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, sai dai jinya.

Me ya sa ƙasashe irin su Malesiya da Indiya suke tsanantawa alhali ba su da cutar? Saboda suna da irin sauron da ke ɗaukarta. Mutum ɗaya ya shigo da ita a jininsa, sauro ya cije shi ya ciji wani, shi ke nan an buɗe ƙofa. A 2016, lokacin annobar Angola, ma'aikatan da suka koma gida sun kai cutar har ƙasar Sin. Saboda haka a waɗannan ƙasashe biyu, wanda ya sauka babu shaida ana iya killace shi har kwana 6. Ka lissafa: hutun kwana 10, an cinye 6 a ɗakin killacewa.

Abubuwa uku ya kamata a riƙe game da katin. Na ɗaya, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Idan jirginku ranar 20 ga wata ne, allurar da aka yi ranar 15 ba ta da amfani a wajen jami'in da ke duba takardu. Na biyu, tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, an daina maganar sabuntawa duk shekara 10. Na uku, tun 2019 Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake haskawa da na'ura a tabbatar da sahihancinsa. Ana yin rajista ta intanet, a biya ta Remita, sannan a je ofishin Port Health na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da fasfo da rasit. Suna da ofis a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja da sauran manyan mashigan ƙasa. A duba da kyau sunan da ke kan kati ya dace da na fasfo, harafi da harafi.

Yara fa? Ana yi wa yaro allurar shawara daga wata 9, kuma tana cikin alluran da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Gana na neman shaida daga wata 9, Kenya da Tanzaniya daga shekara 1. Amma a lura: katin asibitin da uwa ke ajiyewa a jaka ba shi ne katin tafiya ba. Shaida ce za a kai wa Port Health don su ba yaron nasa katin. Kowane mai fasfo da katinsa, babu katin da ke ɗaukar iyali gaba ɗaya.

Akwai waɗanda ba a yi wa wannan allura kai tsaye. Jariri ƙasa da wata 6 ba a yi masa sam. Haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai shan maganin daji, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani. Mai juna biyu, mai shayar da ƙaramin jariri, da dattijon da ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba, sai likita ya auna tukuna. Idan ya ga bai dace ba, akwai takardar uzuri da ake rubutawa. Sai dai ƙasar da za a je ita ke da ikon karɓa ko ƙi, don haka a tambayi ofishin jakadancinta kafin a sayi tikiti.

Mu faɗa wa juna gaskiya a nan. Kowa ya san akwai masu cewa "kawo kuɗi in kawo maka kati, ba sai an tsira maka allura ba." Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Idan aka haska lambar aka ga na bogi ne, tafiya ta lalace ga kunya a gaban iyali. Idan ma an wuce, sauro ba ya karanta kati. Uban da ya saya wa ɗansa katin bogi ya bar shi babu kariya a can, babu kariya kuma a nan gida inda cutar take.

Masu haɗawa da Umara kuma akwai ƙari. Saudiyya na neman allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, A, C, W da Y, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Wani samfurinta shekara 3 yake aiki a takarda, wani shekara 5, don haka a duba wanda aka rubuta maka a Hajjin baya. Ta sanƙarau nau'in A kaɗai da aka saba yi wa yara a wata 9 ba ta cike wannan gurbi. Saudiyya na kuma neman shaidar rigakafin shan-inna daga matafiyan Najeriya.

Kashi na biyu: bashin da ke kanmu tun daga gida

Wannan kashi babu jami'in da zai tare ka a kansa, amma sau da yawa shi ya fi muhimmanci. Kuma akwai wata matsala da ta shafe mu mazauna Kudu musamman. Mace ta haihu a Legas, a yi wa jariri alluran ranar haihuwa, sai ta tafi gida Kano ko Sakkwato wankan jego. Alluran sati 6, sati 10 da sati 14 su faɗo tana can, kati yana nan Legas a durowa. Ta dawo, ita tana zaton an yi, maigida yana zaton an yi, ashe an tsallake ɗaya ko biyu. Wani yaron kuma an tura shi wajen kaka ko makarantar allo, babu wanda ya san inda katinsa yake.

To kafin tafiya a fito da katin kowane yaro a baje a tabarma a duba. An yi allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar sau uku? Ita ke kare mashaƙo, tarin shiƙa, sandarewar haƙora, ciwon hanta nau'in B da wata ƙwayar da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu. Mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala allura ba. An yi ta ƙyanda sau biyu, a wata 9 da wata 15? Ƙyanda na cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa, ta iska take bi, kuma filin jirgi da cikin jirgi cunkoso ne na mutanen ƙasashe daban-daban. Idan da jaririn da ke tsakanin wata 6 da 9, likita na iya yi masa ta ƙyanda da wuri saboda tafiyar, amma wannan ba ta shiga lissafi, za a sake yi masa idan lokacinsa ya yi.

Idan an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ga wata ƙa'ida kuma da ke rikita jadawalin mutane: allurar ƙyanda da ta shawara ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar sati 4 tsakaninsu. Wanda ya yi wa yaro ta ƙyanda yau, ya je neman ta shawara sati mai zuwa, ana iya ce masa ya jira. Wannan kaɗai ya isa dalilin farawa da wuri.

Manya ma kada su cire kansu. Mata da yawa sun samu allurar sandarewar haƙora a wajen awon ciki, maza kuwa wani rabonsa da allura tun yana goye. A tambayi likita ko akwai buƙatar ƙari.

Kashi na uku: ya danganta da wuri da irin hutun

Waɗannan ba dole ba ne, kuma yawanci kuɗi ake biya a asibitin kuɗi, don haka a yi lissafi. Tambayoyin da likita zai yi su ne: ina za ku, kwana nawa, a otal za ku zauna ko a ƙauye wajen dangi, me yara za su ci, za su kusanci dabbobi?

Taifot da ciwon hanta nau'in A ta abinci da ruwa marasa tsafta ake ɗaukarsu. Yawancin manyan da suka tashi a Najeriya sun riga sun yi ciwon hanta nau'in A suna yara ba tare da sun sani ba, jikinsu ya samu kariya. Yaran da suka tashi a gida mai ruwan roba da famfo mai tsafta kuwa ba lallai ba ne. Ana yin allurarsa daga shekara 1, ta biyu bayan wata 6, amma ta farkon ma tana kare mai tafiya. Allurar taifot da aka fi samu daga shekara 2 ake yi, sati 2 kafin tashi, kuma ba ta karewa ɗari bisa ɗari. Idan hutun na cin abincin bakin titi ne a Mombasa ko Bankok, sun cancanci kuɗinsu.

Haukan kare kuma ba kare kaɗai ke sa shi ba. A wuraren yawon buɗe ido na Tailan da tsibirin Bali birai na yawo cikin mutane, yara kuma ba sa jin "kar ka taɓa." Idan alamun cutar suka bayyana, kusan babu mai tsira. Ana iya yin allura biyu kafin tafiya, sati ɗaya tsakani, musamman idan za a yi nisa da babban asibiti. Ko an yi ko ba a yi ba, idan dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar. A kuma ja wa yara kunne su faɗa, don wani yaron ɓoyewa yake yi saboda tsoron faɗa.

Akwai allurar wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da sauro ke yaɗawa a karkarar Asiya, wajen gonakin shinkafa. Mai zaman wata guda ko fiye a ƙauye ita ta shafa. Mai sati ɗaya a otal cikin Kuala Lumpur yawanci ba ya buƙata. Haka allurar kwalara, ba kasafai ake ba mai hutu shawarar yin ta ba sai idan ana annoba a wurin.

Abin da allura ba ta ɗauke maka ba

Kada a ce mu 'yan Najeriya ne, mun saba da sauro. Gaɓar tekun Kenya da Tanzaniya akwai maleriya, kuma yara ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu su ta fi kayarwa. A tafi da gidan sauro da man shafawa mai korar sauro, a tambayi likita ko akwai buƙatar ƙwayoyin kariya. A Malesiya da Tailan kuma zazzaɓin dengi ne ya fi yawa, sauronsa da rana yake cizo. Idan zazzaɓi ya kama wani a can, a ba shi farasitamol a kai shi asibiti, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, don suna iya jawo zubar jini. Mai juna biyu ta yi magana da likitanta kan cutar Zika kafin a yanke shawarar zuwa yankin.

A taƙaice, ranar da aka fara maganar biza, a ranar za a fito da katunan yara. Ana saura sati 6 a ga likita da fasfo da katuna da sunayen garuruwan da za a je. Ana saura sati 4 a gama cike giɓin alluran gida. Ana saura sati 2 katin shawara na kowa ya kasance a hannu, a ɗauki hotonsa a waya, a sa shi cikin fasfo, kada a jefa shi a akwatin da za a auna. Za a iya tambayarsa a can, za a iya tambayarsa kuma ranar dawowa Legas. Dokokin ƙasashe suna canzawa, don haka a sake tabbatarwa da ofishin jakadanci ko kamfanin jirgi kafin ranar.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.