Kujerar Da Ke Auna Mai Zama, Da Lodin Gidan Gaba A Hanyar Kazaure

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Ɗambatta da Kazaure ta nufi Daura ya san yadda ake lodin ƙaramar motar haya. Mutum huɗu a baya, mutum biyu a gidan gaba, ga direba. In kuwa akwai mai goyo cikin na gaban, sai ta kwance ɗanta ta ɗora shi a cinya, don shi ba a lissafa shi cikin kuɗin mota. Haka ake yi a motocin da ke shiga Babura, haka nan waɗanda ke kai mutane ƙauyukan Roni da Gwiwa, can wajen iyakar Katsina. Ma'aikacin da ke komawa Dutse ran Lahadi da yamma, da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke zuwa gida hutu, duk sun sha irin wannan zama, har ma wasu rububin gidan gaban suke yi wai ya fi iska.

Wannan lodi ba sabon abu ba ne, motocin ne suka sake. A zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, abin da ke gaban fasinja dashbod ne kawai da gilashi. Yau kuwa galibin motocin da ke kan wannan hanya, tun daga tsohuwar Golf da Sharan har zuwa Corolla da Accord na ma'aikata, an ƙero su da wata jaka naɗe cikin sitiyari, da yawa kuma da wata cikin dashbod daidai fuskar fasinja. Ita ce jakar iska, wadda wasu ke kira balan-balan.

Sunan balan-balan yana yaudarar mutane, don sai a zaci wani abu ne mai taushi kamar matashin kai. Gaskiyar magana ita ce harba ta ake yi. Da mota ta yi karo, sai wata na'ura ta ji ƙarfin bugun ta sanar da ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta saki wutar lantarki kan wani sinadari mai kama da albarushi, ya ƙone nan take ya haifar da iskar naitirojin. Jakar takan fasa murfinta ta fito da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, ta cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, watau kafin mutum ya ƙifta ido. Dabarar duka ita ce jakar ta riga ta cika kafin jikin mutum ya iso gare ta, sa'an nan ta tare shi tana sacewa. Wanda ya ɗaura bel, ya jingina da kujerarsa, shi ne ke samun wannan tarba. Wanda kuwa fuskarsa ke dab da murfin a lokacin da jakar ke fitowa, to, duka ya sha. Kuma ba sai an yi mummunan haɗari ba: karon da ya yi daidai da bugun bango a gudun kilomita 16 zuwa 25 a awa ya isa ya tashe ta.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Dokarsu ta 1991 ta wajabta jakar direba da ta fasinja a duk sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 1998, kuma hukumarsu ta kiyaye haɗurran hanya ta ƙiyasta cewa jakar ta ceci rayuka fiye da 50,000 tsakanin 1987 da 2017. Amma ita wannan hukuma ta lissafa mutane fiye da 290 da jakar kanta ta kashe tsakanin 1990 da 2008, a ƙananan haɗurran da ba su isa kisa ba. Yawancinsu yara ne da jarirai a gidan gaba, sai direbobi gajeru, musamman mata, da ke matso da kujera dab da sitiyari. Fiye da kashi 80 cikin 100 ba su ɗaura bel ba, ko ba su ɗaura shi daidai ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 a motocin da aka ƙera kafin 1998 abin ya same su. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1998, don da yawa daga motocin da ke lodi a tashoshin ƙasar nan sa'o'in waɗancan ne.

Gyaran farko da aka yi, cikin 1997, shi ne yarda wa masu ƙera motoci su rage ƙarfin fitar jakar. Gyara na biyu, wanda ya fi hikima, ya zo da ƙa'idar da aka kafa cikin 2000, aka fara aiki da ita sannu a hankali daga 2003, ta game duk sababbin ƙananan motoci cikin 2006. A nan ne aka ɗora wa kujera aikin sanin wanda ke zaune a kanta.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin soson kujerar fasinja akwai ma'auni; a wasu motocin wata shimfiɗa ce mai ruwa-ruwa a ciki wadda ke jin nauyin da aka danna mata, a wasu kuma 'yan na'urori ne a ƙafafun kujerar huɗu, kamar sikelin masu awon hatsi. In ma'aunin ya ji nauyin jariri cikin kujerarsa, ko na ƙaramin yaro, sai ƙwaƙwalwar motar ta kashe jakar wannan ɓangaren, wata 'yar fitila ta kama a dashbod ta nuna an kashe. In ya ji nauyin babba, ko da na ƙaramar mace ce mai kilo 49 ko kusa da haka, sai a bar jakar a ɗane. A kujerar direba kuma akwai na'ura a jikin ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai, wadda ke gaya wa motar ko direba ya matso gaba ƙwarai. Akwai wata a cikin maƙallin bel, mai faɗin ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Da waɗannan labarai ne motar ke zaɓen yadda za ta yi harbi, don jakar zamani hawa biyu gare ta, ƙarami da babba. Shi ma bel ɗin an yi masa dabara: a farkon karo yakan fizgi mutum ya manne shi da kujera, sa'an nan ya ɗan sassauta kada ya karya masa ƙashin ƙirji.

Motocin Turai, irin su Golf da Opel da Peugeot, da yawansu wata hanya suka bi. Maimakon ma'auni, an yi musu ramin makulli a gefen dashbod ko cikin akwatin gaban fasinja, mai mota ya murɗa da kansa ya kashe jakar in zai zaunar da jariri. Tsofaffin cikinsu kuwa ba ma'auni ba makulli.

To, duk wannan hikima an gina ta ne bisa zato ɗaya: mutum ɗaya a kujera ɗaya, zaune sosai, ɗaure da bel. A nan ne ta ci karo da lodin hanyar Kazaure.

A ɗauki mai goyon nan. Ko da a ce motar tana da ma'auni, abin da zai ji shi ne nauyin uwa haɗe da na ɗa, watau babban mutum, don haka zai bar jakar a ɗane, alhali kuwa kan yaron ne mafi kusa da murfin. Haɗarin hanya kuma ba ya zuwa sai da birki a gabansa: saniya ta ratso titi, ko ɗan acaɓa ya yanko ba zato, direba ya taka da ƙarfi, yaron ya zame gaba tun kafin a bugi komai. Uwa takan ɗauka hannuwanta sun isa su riƙe shi. Ba su isa ba. A karon gudun kilomita 50 a awa, yaro mai kilo 10 yakan fizge da ƙarfin da ya ninka nauyinsa wajen sau talatin, kamar a ce mace ta tare buhun gero uku da hannu. Mutum biyu a kujera ɗaya kuma, na ciki rabinsa kan kujera rabinsa kan birkin hannu, ba wanda bel zai zagaya, ma'aunin kuma ya rasa abin da zai karanta.

Direbobin haya suna da hujjarsu, kuma ba ta raini ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayun 2023, kuɗin fasinja na biyu a gaba shi ne sau da yawa ribar tafiyar. Amma ma'aikacin da ke tuƙa motarsa ba shi da wannan hanzari, ga shi kuwa shi ne ya fi kowa sa ɗansa a gaba in za a kai shi makaranta, har wani ya tsayar da shi yana dafe da dashbod yana kallon hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun ran 1 ga Janairu, 2003, kuma ƙa'idarta ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba gidan baya ne wurinsa. Abin da aka fi koya daga wannan doka, abin takaici, shi ne jawo bel a rataya in an hango jami'ai, a sake shi in an wuce. Wasu ma sukan maƙala shi ta bayan kujera su zauna a kai don motar ta daina ƙara. Mai yin haka ƙarya yake yi wa motarsa: ta ɗauka a ɗaure yake, ta yi lissafin harbinta a kan haka.

Sai kuma abin da ke faruwa a gareji. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka sun taɓa yin haɗari a can, aka sayo su gwanjo aka gyara. Jakar da ta riga ta fita ba ta mayuwa, sai dai a sa wata, wata kuwa kuɗi ce. Don haka marar tsoron Allah yakan manne murfin a kan rami wofi, ya cire ƙwan fitilar gargaɗi ko ya yi mata dabarar da za ta mutu. Gwajin mai sauƙi ne: in an murɗa makulli, fitilar mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa ya kamata ta kama na 'yan sakanni, sa'an nan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala, in ba ta kama ba sam matsalar ta fi girma. Wayoyin wannan tsari galibi rawaya ne, ana ganin mahaɗinsu a ƙarƙashin kujera, kuma shi ne mai ɗinkin kushin ko mai wankin mota kan cire ya manta bai mayar ba. Kujerar da aka ciro daga wata mota aka yi mata walda ba ta da abin da za ta gaya wa wannan motar. Ita ma rigar kujera mai kauri, wadda ake ɗinkawa don ƙura da zafi, takan rikita ma'auni, kuma takan toshe jakar gefe da ke fitowa daga cikin majinginar kujerar.

Direba shi ma yana da nasa awon: tsakanin ƙirjinsa da tsakiyar sitiyari kada ya gaza santimita 25, watau inci goma, wajen tsawon ƙafar babban mutum. Gajere sai ya ɗaga kujerar ya ɗan kwantar da majinginarta, maimakon ya rungumi sitiyari.

Akwai kuma wata cuta da ba ruwanta da yadda mutum ya zauna. Kamfanin Takata na ƙasar Japan ya yi amfani da amoniyam naitiret, sinadarin da aka sani a takin zamani, wajen harba jakunkunansa. Da shekaru suka tura, zafi da laima suka lalata sinadarin, sai ya zama yana fashewa da ƙarfin da ke tarwatsa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzai su soki mutum a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an nemi a mayar da wajen miliyan 67 don a sauya, an tabbatar da mutuwar mutane fiye da 25, kamfanin kuma ya karye cikin 2017. Abin ya shafi Honda da Toyota da wasu da dama, kuma mafi haɗari su ne wasu Accord da Civic na farkon shekarun 2000, irin waɗanda har yanzu ake gani a ofisoshin ƙananan hukumomi. Motar da ta baro can kafin a sauya mata, ta shekara goma tana shan ranar bazara da laimar damina a Kazaure ko Babura, ba wanda zai aiko wa mai ita takarda. Sai dai shi ya duba da kansa. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba ta wajen direba. In motar ta kasuwar Amurka ce, ana shigar da lambar a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran ƙasar, kyauta, nan take ya nuna ko akwai gyaran da ake bin motar bashi.