Intanet Mai Yankewa Bayan An Sabunta Kwamfuta

Tun daga ran 14 ga watan Oktoba 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, malamai da akawuna da yawa suka ɗora Windows 11 a kan kwamfutocinsu. Wannan daidai ne, mu ma shawararmu ke nan. Amma ga wani kuka da yakan biyo baya: intanet ɗin gida da ke tafiya lafiya lau a da, yanzu sai ya riƙa yankewa yana dawowa. Malami yana tsakiyar aika sunayen ɗalibansa don rajistar jarrabawa, ko akawu yana tura takardar albashi, sai abu ya tsaya cik, a sake daga farko.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su ɗora laifi a kan kamfanin da ke sayar musu da intanet, waɗansu ma har su je kasuwa su sayo sabuwar rauta, watau akwatin nan da ke rarraba intanet a cikin gida. Sau da yawa kuwa ana zaton wuta a maƙera ne, sai ta tashi a masaƙa. Kafin a kashe ko kwabo, a fara gano inda ciwon yake.

Gwajin ba shi da wuya. Sa'ad da kwamfuta ta yanke, a duba wayar hannu da ke kan wannan Wi-Fi ɗin. In ita ma ta yanke, to, matsalar tana wajen rauta, ko wutar lantarki da ke ɗaukewa, ko kuwa data ce ta ƙare. Kada a raina wannan na ƙarshe, gama kwamfutar da aka sabunta takan yi kwanaki tana sauko da gyare-gyare masu nauyi, ta cinye datar wata guda ba a ankara ba. In kuwa waya tana aiki kwamfuta ce kaɗai ke yankewa, to, a ƙyale kamfani da rautarsa. Wanda ke da igiyar intanet ya haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye. In ta zauna daram a kan igiya, an san laifin yana ga sashen Wi-Fi na cikin kwamfutar.

A nan sai mu yi ɗan bayani a kan abin da ake kira direba. Ba direban mota ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin Windows da na'urar Wi-Fi da ke cikin kwamfuta, kamar tafinta tsakanin mutum biyu da ba su jin harshen juna. Sa'ad da ake sabuntawa, Windows yakan sallami tsohon tafintan ya kawo nasa, ko kuma ya bar tsohon alhali shi kansa ya sake harshe. Ko wanne ya faru, magana takan riƙa tsinkewa. Maganinsa shi ne a danna maɓallin Windows tare da harafin X, a zaɓi Dibais Manaja, a nemi na'urar Wi-Fi a jerin kayan sadarwa. Galibi za a ga sunan Intel ko Realtek ko MediaTek a jikinta. A shafin direba akwai maɓallin komawa ga na da. In ya ƙi dannuwa, sai a je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, a sa lambar samfurinta, a sauko da direban da aka yi domin Windows 11. Muna gargaɗi ƙwarai kada a ɗauko direba daga shafin da ba a san asalinsa ba, ko daga hannun mai gyara na bakin titi, domin ta nan ɓarayin bayanai ke shiga, ga shi kuwa sunayen 'ya'yan mutane ne a cikin kwamfutar malami.

Har wa yau a wannan wurin akwai shafin tsimin wuta, inda aka ba kwamfuta izinin kashe na'urar Wi-Fi don baturi ya daɗe. A cire alamar da ke jikin wannan izini. Alamar wannan cuta ita ce yankewa bayan kwamfuta ta farka daga barci, ko sa'ad da aka zare ta daga caji. Waɗansu sababbin kwamfutoci ba su nuna shafin, mai irinsu sai ya wuce.

Rauta ta zamani tana watsawa a zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi sauri amma bango na tare shi, na 2.4 ya fi kai wa nesa. In sunansu ɗaya ne, kwamfutar da ke can ƙuryar ɗaki takan riƙa tsalle tsakaninsu, kowane tsalle kuwa yankewa ne. A raba musu suna, a zauna a kan guda.

In duk an yi wannan ba a dace ba, akwai umurnin maido da sadarwa sabuwa fil a cikin saitin Windows. Amma a rubuta kalmar sirrin Wi-Fi a takarda tukuna, domin kwamfuta za ta mance da ita.

Saura batun lokaci, wanda muke so masu karatu su fi riƙewa. Bayan an ɗora Windows 11, kwana 10 kaɗai aka bayar na komawa Windows 10 ba tare da an goge kome ba. Tsohon tsarin yana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old. In kwanakin suka cika, ko wani mai son share tarkace ya goge jakar, ƙofa ta rufe. Saboda haka kada a yi ta haƙuri ana cewa gobe zai gyaru. A yi gwaje-gwajen nan a makon farko. Komawar ma ta ɗan lokaci ce, har a sami direban kirki, gama zama a kan tsarin da aka daina toshe wa kafofin ɓarna ba dabara ba ce.

Ga shugabannin makarantu da ofisoshi kuwa, shawararmu ita ce kada a sabunta kwamfutoci duka rana ɗaya, kuma kada a yi shi ana gab da rajistar jarrabawa ko biyan albashi. A fara da guda, a sauko da direbanta a ajiye a filash tun intanet yana nan, a ba ta mako ana dubawa, kana a taɓa sauran.