Nijar: Wa Ke Kula Da Masu Jinya?

Duk wanda ya taɓa shiga manyan asibitocin Yamai, Maraɗi ko Damagaram da dare ya ga tabarmi a shimfiɗe cikin farfajiya. Masu kwana a kansu lafiyarsu lau. 'Yan'uwan marasa lafiya ne, akasarinsu mata, da suka baro gona da yara a ƙauye domin jinyar nasu.

Su ke yi wa majinyaci wanka da wanki, su dafa masa abinci, su bi layin sayen magani, alhali ba wanda ya koya musu aikin.

Wahalar wani ma ta fi ta wani. Bahaushiya ko Bazabarmiya ba ta rasa mai jin harshenta a Yamai. Amma wadda ta fito daga Bilma, ba ta jin komai sai Tubanci, in aka miƙa mata takardar magani da Faransanci ko tambayar sau nawa ake sha ba ta iyawa. Makiyayi kuwa sai ya sayar da dabba kafin ya iya zama kusa da mahaifinsa.

Ba mu ce hukuma ta yi zaune ba. A 2006 an mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, a 2024 kuma an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Sai dai majinyaci kaɗai wannan ya shafa.

A ganinmu abin da ya rage bai fi ƙarfin hukuma ba: rumfar kwana, famfo, tafinta, da malamin asibitin da zai nuna wa mai jinya yadda za ta ci gaba da kula da nata bayan sallama. Domin in ita ma ta kwanta, babu mai ɗaukar su biyun.