Ilmin Kwamfuta a Dundaye: Reshen da Ya Tsiro Daga Lissafi

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya bi hanyar jami'a, ya haye gadar Kwalkwalawa, ya ratsa fadama, to, Dundaye zai tarar a gabansa, watau mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A shekarar 1975 aka kafa ta da sunan Jami'ar Sakkwato, aka fara karatu a 1977 a ƙarƙashin shugabancin Farfesa Shehu Galadanci, sa'an nan a 1988 aka sa mata sunan Shehu Mujaddadi. Nufinmu yau mu yi magana a kan sashe guda daga cikin sassanta, shi ne na ilmin kwamfuta, domin akwai abin da ya haɗa shi da mu masu duba makarantu.

Wannan fanni bai fara da gidan kansa ba. Shekaru da yawa yana zaune a matsayin reshe a cikin Sashen Lissafi, kafin ya balaga a ba shi sashe nasa. Waɗansu suna ganin wannan kamar ƙasƙanci ne, amma mu a ganinmu gata ne babba. Jama'a da dama suna tsammanin ilmin kwamfuta shi ne iya buga takarda da sauri, ko gyaran wayar hannu a bakin kasuwa. Ba haka ba ne. Tushensa shi ne a ɗauki matsala a warware ta daki-daki, mataki bayan mataki, har na'urar da ba ta da hankali ko kaɗan ta iya bin umurnin ba tare da kuskure ba. Kalmar da Turawa suke kiran irin wannan tsari da ita ma daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafin nan da ya zauna a Bagadaza wajen shekarar 820. Mu ma nan ƙasar ba baƙinsa ba ne, gama Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan ƙa'idodin tsara hatimi, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Yaron da aka horar da shi a gidan lissafi, ko an sake na'ura sau goma, ba zai ruɗe ba.

Ɗalibi yakan yi shekara 4 kafin ya sami digiri, a ciki yakan fita koyon aiki a ma'aikatu, a shekarar ƙarshe kuma ya yi bincike na kansa ya kare shi a gaban malamai.

To, ga inda gizo yake saƙa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Ashe ke nan ɗan manomi daga Gudu ko Sabon Birni, kome ƙoƙarinsa, sai ya zauna gaban na'ura kafin ya ga ƙofar Dundaye. Mun taɓa zuwa rangadi wata makarantar sakandare, ba za mu faɗi sunanta ba, muka tarar da kwamfutoci jere a ɗaki an lulluɓe su da zane, ƙura ta yi musu rawani. Shugaban makarantar ya ce ba wuta, ba kuma malamin da zai koyar. Yaran suna haddace sunayen sassan na'urar daga allo, alhali ga ta nan a kulle bayan bango. Ranar jarrabawa irin waɗannan yara sukan ɓata lokaci wajen neman inda za su danna, ba don sun kasa amsa ba.

Saboda haka in an tambaye mu darajar wannan sashe, ba mu musun cewa abin alfahari ne ɗalibansa su sami aiki a bankuna da ma'aikatun Abuja da Ikko. Amma fa ma'auninmu dabam ne: nawa ne daga cikinsu suka komo suka tsaya gaban allo?

Game da bincike kuwa, aiki yana nan jibge a ƙofar gida. Littattafan Larabci da na ajami da suke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu suna bukatar a ɗauki hotonsu, a kuma koya wa na'ura karanta rubutun hannun magabata. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, amma har yanzu yakan yi tuntuɓe a kan karin magana, balle Sakkwatanci. Wa ya fi cancanta ya gyara wannan in ba 'ya'yan Sakkwato ba? Batun wuta ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana cikin jami'ar nan, ta kuwa daɗe tana aiki a kan hasken rana.

Roƙonmu ga shugabannin sashen shi ne su haɗa kai da kwalejojin horon malamai, a shirya wa malaman lissafi na karkara kwas a lokacin babban hutu, kuma a riƙa tura ɗaliban shekarar ƙarshe su buɗe ɗakunan nan da aka kulle. Daga Dundaye zuwa kowace makaranta a jihar nan, tafiyar ba ta kai yini guda a mota ba.