Jitar bes: Inda amo mai daɗi yake fitowa da inda kuɗi ke salwanta

Duk wanda ya taɓa halartar biki a fili a Kankiya ko Kusada ya san irin amon nan da ke riga sauran kiɗa isowa kunne, wanda tun daga nesa mutum yake jin sa a ƙirji kafin ya tantance waƙar da ake yi. Wannan kaurin sauti shi ake kira bes. A yawancin bukukuwanmu na yau ba jita ke fitar da shi ba, fiyano ne ko waƙar da aka riga aka naɗa, domin tun da fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan naɗar waƙa na Kano, yatsa guda ya wadatar a samu bes. Duk da haka akwai matasa da masu ba da hayar kayan sauti da ke sha'awar ainihin jitar, kuma da yawansu sukan zuba kuɗi a kan sunan da ke rubuce a kanta, su bar abubuwan da suke haifar da amon.

Tsirkiya mai kaurin murya ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Babbar garaya tana da ita, kuma makaɗan Ginawa na Maroko suna da gimbiri mai tsirkiya uku da ke yin aikin bes tun kafin a san lantarki. Marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa da ke maƙwabtaka da Kankiya, bai buƙaci jita ba har ya rasu a 1999, kalangai sun riƙe masa gindin waƙa. Waɗanda suka shigo da jitar bes cikin waƙar Hausa su ne irin su Bala Miller na Zariya da ƙungiyarsa, da Sa'adu Bori na Maraɗi. Ita kuwa jitar a siffar da aka san ta, Leo Fender ne ya yaɗa ta a Amurka da samfurin Precision a 1951, sannan ya biyo da samfurin Jazz a 1960. Har yau yawancin abin da za a gani a kasuwa kwaikwayon waɗannan biyu ne. Ta farko tana da amo mai cika da nauyi, ta biyu wuyanta ya fi siranta, muryarta ta fi fita tar.

Mai saye daga wannan yanki galibi Kano zai nufa, Kasuwar Sabon Gari, ko ya yi saƙo daga Alaba ta Legas. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne wuyan jitar, ba fentinta ba. Ya ɗaga ta ya hango tsawon wuyan kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan wuyan ya murɗe, gefe guda ya fi ɗaya tashi, to ya ajiye ta ko da kyauta ce, domin wannan ciwo ba shi da magani mai araha. Sai ya kaɗa kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe na wuyan, tun ba a jona ta da wuta ba. Jitar da ke da amo mai tsawo a bushe za ta yi daɗi a lasifika. Wadda muryarta ke mutuwa nan take, amfilifaya ba za ta rayar da ita ba. Game da suna kuwa, jabun Fender sun yi yawa, kuma a ganina Squier ko Yamaha ko Ibanez ta gaskiya mai matsakaicin kuɗi ta fi babban suna na ƙarya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma zaɓi tsakanin jita mai batir da marar batir. Mai batir, irin wadda kamfanin Music Man ya shahara da ita tun samfurin StingRay na 1976, tana ɗauke da ƙaramar na'urar ƙara sauti da ke cin batir mai bolt 9. Tana ba da damar sarrafa amo sosai, sai dai muddin waya na jone a jikinta batirin na ƙonewa, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma idan ya yi sanyi sai murya ta fara karkarwa a tsakiyar taro. Wanda ke zaune inda samun batir mai inganci sai an yi tafiya, marar batir ta fi masa kwanciyar hankali.

Daga nan sai yanayi, wanda littattafan da ke zuwa da kayan ba su cika la'akari da irin namu ba. Wuyan jita katako ne, katako kuwa yana shan laima yana kuma amayar da ita. Idan hunturu ya kankama a ƙasar Katsina iska takan bushe ƙwarai, katakon ya tsuke, bakin ƙarafan wuyan su fito suna yankar yatsu, kuma sau da yawa wuyan ya ƙara lanƙwasa, tsirkiyoyi su yi nisa har danna su ya zama wahala. Da damina ta sauka sai lamarin ya juya, katako ya kumbura, tsirkiya ta kwanta a kan ƙarafa tana zizar da ba a so. Mutane da dama a nan suke yanke hukuncin cewa an sayar musu da ruɓaɓɓen kaya, alhali jitar lafiyarta ƙalau, saiti take nema.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka binne don wannan matsala, ana juya ta da ɗan makulli mai kusurwa shida. Hanyar aunawa mai sauƙi ce: a danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe a lokaci guda, a duba ratar da ta rage a tsakiya, wajen ƙarfe na 7 ko na 8. Kaurin katin adireshi ya isa. Idan ratar ta wuce haka a ɗaure sandar, idan babu rata sam a sassauta. Rubu'in juyi kawai ake yi, a bar katakon ya zauna, sannan a sake aunawa. Wanda ya ji sandar ta cije ya ci gaba da murɗawa da ƙarfi, zai iya karya ta, gyaran kuwa yakan kusa kuɗin sabuwar jita. Bayan wuya sai jaki, inda tsirkiyoyi suke hawa, kamar dai jakin goge ko na molo. A nan ake daidaita tsayinsu, kimanin milimita 2 zuwa 3 daga ƙarfe na 12. Mai wannan jita a Kankiya ya sa a ransa zai yi wannan saiti aƙalla sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. Kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana a watan Afrilu.

Tsirkiya ita ce gyara mafi araha da ke sauya amo fiye da kowane. Iri biyu ne. Akwai mai kaushi, wadda kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa a shekarun 1960, muryarta garau take amma gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗinta su dusashe ta. Akwai mai santsi, mai amo a dunƙule, irin wadda James Jamerson ya yi amfani da ita a waƙoƙin Motown, wanda aka san shi da daɗewa bai sauya tsirkiya ba. A garin da ƙura ke shiga ko'ina, mai santsi ta fi jimiri, kuma amonta ya fi zama lafiya a ƙarƙashin kalangu ba tare da sun yi rigima ba. Ko wacce aka zaɓa, goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa yana ƙara mata kwana. Sauya maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, wanda matasa suka fi ɗoki, shi ya kamata ya zo ƙarshe, bayan an tabbatar saiti da tsirkiya ba su ne matsalar ba.

Sai amfilifaya da lasifika, inda mafi yawan asara take. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma tsawon igiyar sautin da take haifarwa ya haura mita 8. Tura iska mai wannan yawa yana cin ƙarfi, shi ya sa ƙaramar amfilifayar jita ta yau da kullum ba ta ɗaukar bes, takardar lasifikarta takan yage. A ɗaki, bango yana taimakawa wajen dawo da kaurin sauti. A filin biki babu bango, amon watsewa yake, don haka wat 30 da ya cika ɗaki ba zai kai ko layin kujeru na uku ba. Ga mai kiɗa a fili, ko dai amfilifaya mai wat 200 zuwa sama, ko kuma ya tura jitar kai tsaye cikin mikisar mai kayan sauti ta ɗan akwatin da ake yi don haka, wanda shi ya fi arha. A lura da juriyar lasifika ma: guda biyu masu om 8 idan aka haɗa su gefe da gefe sun koma om 4, kuma yawancin amfilifayoyi iyakarsu ke nan. Ƙara ta uku yana iya ƙona injin.

Wutar kanta abin tsoro ce. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120, kuma kayan gwanjo da yawa daga can suke. A karanta rubutun da ke bayan amfilifaya kafin a jona, domin wadda aka yi don 120 kaɗai ba ta yin minti guda a soket ɗinmu sai da taransifomar rage wuta. Ƙaramin janareto kuma wutarsa hawa da sauka take, musamman idan an haɗa shi da fitilu da fankoki, saboda haka sitabilaiza ba ado ba ce. Ƙugin nan da ake ji a lasifika ko ba a taɓa tsirkiya ba, sau da yawa daga rashin wayar ƙasa yake, ko waya marar kyau, ko dalmar da ta saki a cikin jitar, abin da mai gyaran rediyo zai iya ɗinkewa. Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe ƙugin. Wannan ganganci ne, domin tsirkiyoyin ƙarfe ne kuma suna haɗe da jikin amfilifaya, idan wuta ta ɓalle ta hannun makaɗi za ta bi.

Kuskuren da ya fi yawa wajen murɗa maɓallai shi ne a ƙure na kauri a kashe na tsakiya. Sakamakon gunji ne mai girgiza kwanon rufi wanda ba a tantance bugu ɗaya daga wani, ga shi yana haɗiye muryar mawaƙi. Sautin tsakiya shi ke sa a gane abin da jitar take faɗa. Dalili na biyu ma ya shafi kasuwa: yawancin waɗanda za su ji kiɗan daga baya a waya za su ji shi, ta WhatsApp ko TikTok, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfin girgiza 41. Abin da ke isa kunnensu shi ne sautin tsakiyar da ke rakiyar kowane bugu. Wanda ya kashe shi, a bidiyon bikin za a ga yana kaɗawa amma ba za a ji shi ba. Ya fi kyau a fara da dukkan maɓallai a tsakiya, a tura wani ya tsaya inda baƙi za su zauna ya saurara, sannan a riƙa rage abin da ya yi yawa maimakon ƙara abin da ake ganin ya gaza. Sauran kuma yana hannun makaɗi: bugu kusa da jaki yana ba da murya siririya mai kaifi, bugu kusa da wuya yana ba da mai taushi da cika, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taƙi guda ba.