Naira a Aljihu, Ciniki da Sefa: Hattara Kafin Ka Tsallaka Iyaka

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Birnin Ƙonni ko Ɗan Issa a Nijar ya san naira na yawo a can kamar a gida. Mai shayi zai karɓa, ɗan kabu-kabu zai karɓa, mai tuwo ma ba za ta mayar maka ba. Wannan sauƙin ne ke sa matafiyi daga Illela ko Jibiya ya ɗauka babu buƙatar canji, ya cusa nairarsa a aljihu ya hau mota. Sai ya yi nisa da iyaka ido ya raina fata.

A dokar Nijar, sefa ce kaɗai kuɗin da ya zama dole a karɓa daga hannunka. Karɓar naira alfarma ce ta mai kaya, kuma alfarmar tana da farashi. Shi ne zai yanke maka canji, ya kuma rage wani abu don kare kansa, saboda bai san yadda naira za ta kwana ba. Ba za a ga laifinsa ba: sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka. In ka miƙa masa babbar takarda ya ba ka ragowa da sefa, an yi maka lissafi sau biyu, duka biyun kuma kai ne a ƙasa. Da zarar ka nausa ciki, ka nufi Tawa ko Agadas ko Yamai, masu karɓar naira raguwa suke yi. A ofishin kwastan da asibiti da tagar sayar da tikitin manyan motocin safa kuwa, sefa za a tambaye ka.

Tarko na biyu yana cikin harshe. Hausa ɗaya muke ji, amma ƙirgan kuɗi ya bambanta. A Nijar da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce, ba ta da alaƙa da dalar Amurka. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala hamsin 250. In mai kaya ya ce maka “ɗari”, galibi dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Jaka, ko jikka a bakin mutanen can, sefa 1,000 ce, alhali dattawanmu a Najeriya sun san jaka da naira 200. Baƙo kan yi murna ya samu araha, sai a wajen biya rigima ta tashi. Kafin ka ce ka saya, ka tambaya: “Malam, dala kake nufi ko sefa?” In ya yiwu ya rubuta maka adadin a waya.

Sefar ma iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda babban bankin BCEAO da ke Dakar ke fitarwa, ƙasashe takwas ke amfani da ita: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau. Akwai ta Afirka ta Tsakiya, ta bankin BEAC da ke Yawunde, wadda ake kashewa a Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo Barazabil, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Darajarsu a takarda ɗaya ce, amma kowace iyakarta yankinta. Wanda ya kwashi sefar Maraɗi ya tafi Garwa ko Injamena sai ya sake neman ɗan canji, shi kuma ba zai canza masa kyauta ba. In za ka sayi sefa a Wapa ta Kano ko wani wuri, ka faɗi ƙasar da za ka, ka kuma duba sunan bankin a jikin takardar. Gana kuwa, duk da ƙasashen sefa sun kewaye ta, sidi take kashewa.

’Yan’uwanmu na Nijar da Kamaru da ke ajiye naira su ma akwai abin tunawa. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, aka ba da ’yan kwanaki kawai na canji. Masu naira a waje da yawa suka wayi gari da takardun da ba sa sayen komai. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, kuma kafin Kotun Ƙoli ta tsawaita amfani da tsofaffin a watan Maris na 2023, mutane sun sha karyar da kuɗinsu don gudun asara. Mai riƙe da kuɗin wata ƙasa shi ne na ƙarshe da ke jin labarin canji, kuma shi ya fi nisa da banki.

Saboda haka, tun kafin ka tashi ka tambayi farashin canji a wuri biyu ko uku. Ka canza abin da zai ishe ka mota, abinci da masauki na kwanakin farko. Ka nemi ƙananan takardun sefa na 500 da 1,000 da 2,000, domin mai rumfa ba kullum yake da ragowar jaka goma ba. Ka ƙirga kuɗinka a gaban mai canji, ka mayar masa da duk takardar da ta yage ko ta sha liƙi. Ka guji wanda ya tare ka a tasha da farashin da ya fi na kowa daɗi, don ta nan jabu ke shigowa. Kada ka dogara da katin banki shi kaɗai, ka tambayi bankinka ko zai yi aiki a waje. In kuɗin da ke tare da kai ya haura darajar dalar Amurka 10,000, dokar Najeriya ta wajabta ka bayyana wa kwastan.

Lokacin dawowa kuma, ka kashe tsabobin ƙarfe a can, domin ’yan canji ba su cika karɓarsu ba. Sauran takardun ka canza su a garin iyaka, inda masu neman sefa suke da yawa.