Ɗalibi mai duba rubutun ɗalibi: yadda cibiyoyin rubutu suke aiki

A shekarar 1970 jami'ar birnin New York da ke Amurka ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya kammala sakandare a birnin. Ɗalibai suka kwararo, da yawansu ba su saba da rubutun jami'a ba. Kenneth Bruffee, malamin Ingilishi a kwalejin Brooklyn, ya lura cewa ɗaliban da suka fi bukatar taimako su ne suke ƙaurace wa wanda malamai suka tanada, domin a ganinsu aji ne aka sake wa suna. Sai ya shiga horar da ɗalibai su zauna da ƴan uwansu a kan rubutunsu. A yau jami'o'in Amurka da yawa suna da irin wannan cibiyar rubutu, inda ɗalibi yake zuwa da aikinsa kyauta, a zauna kamar rabin awa zuwa awa guda.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne mai taimakon ba ya gyara takardar. Alƙalami yana hannun mai rubutu. Sau da yawa akan nemi ya karanta aikinsa da ƙarfi, kunnensa ya kama jimlar da ido ya tsallake. Daga nan tambayoyi suke biyowa: mene ne wannan sakin layi yake son tabbatarwa, ina hujjarsa, me ya haɗa shi da na gabansa? Akan fara da manyan al'amura, wato manufa da tsari da hujja, a bar nahawu da ƙa'idar rubutu zuwa ƙarshe, tun da babu amfanin goge jimlar da za a cire gobe. Stephen North ya kafa wannan ra'ayi a wata maƙala ta 1984: burin cibiyar shi ne marubucin ya inganta, takardar da ya kawo hanya ce kawai. Mai taimakon kuma ba ya ba da maki, shi ya sa ɗalibi yake iya furta jahilcinsa a gabansa ba tare da kunya ba.

Sai dai an gina tsarin ne a kan wanda yake rubutu da harshen uwarsa, kuma a nan ne ya kamata masanin harshe ya tsaya. Tambaya tana fito da abin da mutum ya riga ya sani ne. A 1993 Judith Powers ta jami'ar Wyoming ta nuna cewa hanyar tana gazawa da ɗaliban da Ingilishi harshe na biyu ne a gare su, domin wani lokaci dole a faɗa musu abin kai tsaye.

Ɗalibin Maradi ko Damagaram da ke rubuta kundinsa da Faransanci yana cikin wannan hali. Rana mace ce a Hausa, wata namiji, a Faransanci kuwa akasin haka ne, kuma babu tambayar da za ta haifar da jinsin kalma a kan wanda bai taɓa haddace shi ba. Wani kuskuren kuma yana da tushe mai zurfi. Bahaushe yana cewa littafinsa ko littafinta, yana duban jinsin mai littafin, alhali "son" da "sa" na Faransanci suna bin jinsin abin da aka mallaka. Wanda ya rubuta "sa livre" don littafin na mace ne bai yi sakaci ba, ƙa'idar harshensa ya ɗauko. Tun 1967 Pit Corder ya bayyana cewa kurakuran mai koyo suna da tsari, kuma suna nuna inda ya kai.

A nan abokin karatu mai jin Hausa ya fi baƙon ƙwararre gata, domin ya san inda kuskuren ya fito, wataƙila ma shi kansa ya taɓa yin sa. Yana iya bayyana ƙa'idar sau ɗaya da Hausa, ya nuna wuri guda a takardar, ya bar mai rubutu ya nemo sauran.

Haɗarin yana ga zumunci. Aboki ya zo ana saura kwana biyu a miƙa kundi, ga shafi sittin, ƙin karɓar alƙalami daga hannunsa yana da nauyi. Idan an karɓa, juri zai yi wa ɗalibin tambaya a kan jimlolin da ba shi ya gina ba. Saboda haka cibiyoyin suke horar da masu taimako kafin su fara aiki, suke ƙayyade lokacin zama, kuma malami yake sa ido a kansu.